Tsoffin Sentin Tagulla na Amurka: Wanne Ya Kamata Ka Taya a Gwanjo?

Daga 1793 zuwa 1857 ma'aikatar buga kuɗi ta Filadelfiya ta riƙa fitar da senti na tagulla, mai faɗi, mai nauyi a tafin hannu. Shekarar 1815 kaɗai ce babu ita a jikin ko guda, domin yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya ya katse tagullar da ake kawowa daga Ingila. Waɗannan tsaba su ne masu tarawa ke rububi a kai a gidajen gwanjo irin Heritage Auctions da Stack's Bowers, kuma sabon shiga yakan rasa ta inda zai kama.

Idon kowa yana kan na 1793. Na farkonsu shi ne mai zanen sarƙa a baya, wanda aka buga guda 36,103 kacal, mutane suka ce sarƙar ta yi kama da alamar bauta, aka canza ta da zoben ganye. Guda ɗaya mai kyan gaske ya tashi a kan dala miliyan 2.35 a Janairun 2015. Ko wanda ya siɗe har fuskar ta kusa ɓacewa, sai da dubban daloli. Na 1799 da na 1804 ma haka suke da wuyar samu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai na 1816 zuwa 1857, masu yawa, masu sauƙin kuɗi. Bayan yaƙin basasar Amurka an gano wata ganga a jihar Jojiya cike da sentin 1816 zuwa 1820 da ba su taɓa shiga kasuwa ba, akasari na 1818 da 1820. Albarkacin wannan ganga, wadda ake kira da sunan Randall, har yau mai matsakaicin ƙarfi yana iya mallakar senti mai shekara ɗari biyu da gashin matar da aka zana a fuskarsa bai goge ba.

To, ga inda shawarar take. Da kuɗi ɗaya za ka iya sayen senti mai shekara mai wuya amma tsatsa ta ci shi, ko mai shekara gama-gari da fata lafiyayya. Ni dai na biyun zan ce ka ɗauka, babu ko tantama. Tagulla ba ta yafe wulaƙanci. Karkata tsabar a ƙarƙashin fitila ka duba da madubin ƙara girma: mai lafiya launinsa ruwan ƙasa ne mai santsi, haske yana zamewa a kansa daga baki zuwa baki. Wanda ya kwana a ƙasa za ka ga fatarsa ta yi ƙurji-ƙurji da ƙananan ramuka, wani wurin da ɗigon kore a lungun haruffa, kuma wannan koren yana iya ci gaba da ci. Wanda aka wanke da sinadari yakan yi wani jan banza mai ɗaukar ido, dillalai na hango shi daga nesa. Ranar da ka tashi sayarwa, mai ramukan nan kowa zai taya shi da arha, mai santsin kuwa ba ya rasa mai so. Na 1808 zuwa 1814 sun fi yawan zuwa da duhu da ramuka, shi ya sa lafiyayyensu ke tsada fiye da yadda yawansu ya nuna.

Sai batun wanda ke rufe cikin kwanson roba na PCGS ko NGC da wanda ke tsirara. Waɗannan kamfanoni suna tantance sahihanci, su ba da maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949 domin irin waɗannan senti ɗin. Idan ka ga kalmar Details a kan kwanson, to tsabar ta gaske ce amma tana da aibi, an wanke ta ko an kankare ko ta ci tsatsa. 'Yan Early American Coppers, ƙungiyar masu tara tsoffin tsabar tagulla na Amurka, wadda aka kafa a 1967, suna da nasu lissafin mai tsauri: sukan rage maki saboda kowane tabo. Don haka in ka ga maki biyu a kundin gwanjo, ƙaramin ya fi faɗa maka gaskiyar fatar.

A kan senti mai arha, tsirara ba laifi. Amma na 1793, 1799 da 1804, kada ka kusance su sai a kwanso. An sha gyara lambar 8 ta 1798 ta koma 9. Akwai kuma na 1804 da wasu suka buga wajen 1860 da tsoffin hatiman da ma'aikata ta yar, gaban na 1803 da aka gyara, bayan na 1820; ana tara shi, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na asali ba. Sikeli ma yana taimakawa: na farko-farko giram 13.48 ne, daga ƙarshen 1795 aka rage zuwa 10.89.

Masu zurfi a harkar ba shekara kaɗai suke bi ba, hatimin da aka buga tsabar da shi suke nema, domin a lokacin da hannu ake gyara kowane hatimi. Kowane nau'i yana da lambarsa da matakin ƙarancinsa, daga R1 mai yawa zuwa R8 wanda bai wuce guda uku a duniya ba. Wannan fage ne mai daɗi, amma a bari sai ido ya nuna.

Kafin ka taya, duba farashin da irin tsabar ta tashi a gwanjon baya, manyan gidajen suna ajiye shi a shafinsu tare da hotuna. Sannan ka tuna da la'adar mai saye, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye: tayin dala 500 ya zama 600 ke nan, ban da kuɗin aikawa da inshora da kwastan. Cire duk waɗannan daga abin da ka ware, ragowar ita ce iyakar tayinka, ka rubuta ta a takarda tun kafin a buɗe gwanjon.