Littafin tunawa na 'yan kandi: yadda mai hoton da muka ɗauka ya yi mana aiki

Bana kwamitin bikin yaye ɗalibai na makarantarmu ya bai wa wani ɗan shagon hoto da ɗab'i da ke cikin birnin Kano aikin haɗa wa 'yan SS3 littafin tunawa. Ni ce malamar ajin kimiyya, ni kuma aka ɗora wa bibiyar aikin. Malamai 'yan'uwana na wasu makarantu sun dame ni da tambaya ko su ma su kai nasu baɗi. Amsata ita ce ku kai, amma ku gindaya sharuɗɗanku, kuma a rubuce.

Abin da ya kai mu ga wannan shawara shi ne ranar maka. Duk wanda ke koyarwa a sakandare ya san ta: ana fitowa daga takardar ƙarshe ta NECO, sai kowa ya zaro maka, a bi farin hijabi da riga da rubutu har ba masaka tsinke, daga nan a fantsama titi. A 2025 jihohi irin su Sakkwato da Yobe suka hana wannan biki, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai hani kaɗai ba ya kashe ƙishirwar da ke ran yaran. Yarinyar da ta sha jarabawar kwalifayin tun tana SS2, ta zauna gaban kwamfuta ta yi JAMB wajen watan Afrilu, ta shiga WAEC a Mayu da Yuni, ba ta huta ba NECO ta biyo baya, wata ma har da jarabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci ta NBAIS, dole ta so wani abu da za ta riƙe a hannu. Shekara shida suna cin ɗumame tare a gindin darbejiya, kuma daga ranar nan an watse ke nan. Wasu kafin sakamako ya fito an ɗaura musu aure an kai su wani gari.

Mun yi ciniki a kan naira dubu huɗu kowace ɗaliba. A ciki akwai hotonta ita kaɗai, da littafin, da bidiyon ranar biki. Ga iyayen da suka gama biyan kuɗin jarabawa da na lesin, ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa muka sa ido sosai.

Inda mutumin nan ya burge ni shi ne asembili. Mu ranar biki kawai muka kira shi, shi ne ya ce, "Malama, ranar biki kowa kwalliya yake yi, ba ita za su tuna ba. Ku bar ni in zo da safe." Muka zaɓi ranar da firifet-firifet na SS3 ke miƙa muƙamai ga 'yan SS2, kafin a shiga WAEC. Tun kafin mai ƙararrawa ta buga ya iso, ya raɓe gefen tuta, bai ce wa kowa ta gyara tsayuwa ba. Ya ɗauki layukan aji-aji, da malamar da ke bi tana duba farce da safa, da 'yan latti da aka tsare a bakin get kowace da tsintsiya. Ya ɗauki hedigel tana cire bajonta tana maƙala wa magajiyarta, allurar ta ƙi shiga saboda hannunta na rawa, ita kuma ƙaramar ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe. Akwai wani hoton da nake yawan komawa kansa: ana rera taken ƙasa, 'yan JSS1 sun buɗe baki iya ƙarfinsu, manyan kuwa suna satar kallon juna. Tun da aka dawo da tsohon taken a watan Mayun 2024 haka suke, domin wancan ɗayan suka haddace tun firamare, har yanzu harshensu can yake zamewa. Ban taɓa zaton hoto zai iya kama wannan ba.

Abu na biyu, ya zo da mace mai taya shi aiki. Ita ke gyara wa yara hijabi da zaman kafaɗa, shi yana nesa da na'urarsa. Kuma da muka ce ba mu yarda hoton yarinya ko ɗaya ya hau Facebook ko TikTok da sunan tallar shagonsa ba, bai yi musu ba. Na leƙa shafukansa bayan biki, ban ga ko ɗaya ba. A makarantar 'yan mata wannan kaɗai ya isa a sake kiran mutum.

Littafin kansa ya yi kyau a hannu. Bango mai kauri da aka lulluɓe da leda, takarda mai sheƙi, an ɗinke shi da zare maimakon a manna da gam. Kowace ɗaliba da rabin shafi: hoto, suna, muƙaminta in tana da shi, da abin da take burin karantawa. Waɗanda suka yi saukar Alƙur'ani a shekarar an ware musu shafi. A ƙarshe ya bar fararen shafuka guda shida, kuma a nan makar ta ƙare. Ranar da aka raba, suka baje a barandar aji suna miƙa wa juna, ana rubuta addu'a da neman yafiya, har mai gadi da mai sayar da awara sai da aka kai wa suka sa hannu. Ba hijabi ko ɗaya da ya ɓaci.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Samfurin farko da ya kawo, ya bi fuskokin yaran da kwamfuta ya haske su. Ɗalibata baƙa kyakkyawa, wadda ta fi kowa Kemistiri, na duba shafinta ban gane ta ba. Da na yi magana sai ya ce ai haka kwastomomi ke so, in bai yi ba cewa ake bai iya aiki ba. Na ce masa, "Malam, waɗannan 'ya'yan mutane ne masu shekara sha bakwai. Kullum muna faɗa da su a kan man bilicin, sai kuma makaranta da kanta ta buga littafi tana nuna musu launin da Allah ya ba su bai yi ba?" Ya yi shiru, ya ce zai gyara, kuma ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma da ban nemi ganin samfuri ba, da haka za a buga. Wannan shi ne sharaɗin farko da zan ce kowa ya rubuta.

Sunaye ma sun sha wuya. Yaron shagon ne ya sake buga su da hannu daga takardar da muka bayar, aka samu Rukayya biyu sun yi musayar sunan mahaifi, wata Hauwa'u ta koma Hauwa. Ku tura musu jerin daga kwamfutar makaranta, irin wanda aka yi rajistar WAEC da shi, sannan ku sa kowace yarinya ta duba shafinta da idonta kafin a buga.

Sai jinkiri. Ya yi alƙawarin kawowa mako guda kafin biki, bai kawo ba sai daren jajibiri, wai rashin wuta da layin masu buga kalanda da katin aure a wurin babban injin da yake kai aiki. Uzurin gaskiya ne, amma ni ce na kwana da fargaba. Bidiyon kuwa matsakaici ne. Hoton ya fito, muryar shugabar makaranta ce ƙarar janareta ta cinye rabinta, jawabin bankwanan hedigel ma da ƙyar ake ji. In da zan sake ciniki, sai in cire bidiyon a rage wa iyaye kuɗi.

Mun biya rabi kafin aiki, rabi bayan mun ƙirga littattafai sun cika, kuma haka nake ba kowa shawara. Ku fara magana da shi tun zangon karatu na biyu, kafin JAMB ta ɗauke hankalin yara, domin daga watan Mayu duk makarantun gari kansa suke.