V for Vendetta ko Civil War: wanne ya fi nuna tawaye ga mulkin danniya?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman littafin zane-zane na jarumai da ke maganar bijire wa mulkin kama-karya, an ambata maka V for Vendetta da Civil War, ka rasa da wanne za ka fara. Na karanta su duka, kuma a ganina ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Alan Moore ne ya rubuta V for Vendetta, David Lloyd ya zana. An fara buga shi a mujallar Warrior ta Ingila a 1982, zamanin firaminista Margaret Thatcher, mujallar ta mutu labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC Comics na Amurka ya kammala shi a fitowa 10 tsakanin 1988 da 1989. A cikinsa zalunci ya riga ya zauna da gindinsa. Bayan yaƙin nukiliya, jam'iyyar Norsefire ta kame Ingila, ta raɗa wa hukumominta sunayen sassan jiki: Ido na leƙen jama'a, Kunne na sauraron wayoyinsu, Baki na farfaganda, Yatsa kuma 'yan sandan ciki. Wanda ya tunkare su mutum ɗaya ne, V, mai rufe fuska da kamannin Guy Fawkes, mutumin da aka kama a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila.

Civil War kuwa na kamfanin Marvel ne, Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven ya zana, fitowa 7 daga 2006 zuwa 2007. Nan zaɓaɓɓiyar gwamnatin Amurka ce. Wata fashewa a garin Stamford ta hallaka mutum sama da 600, ciki har da 'yan makaranta, sai tsoro ya haifi dokar da ta tilasta wa duk mai ƙarfin ban mamaki ya yi rajista, ya bayyana sunansa. Cikin manyan jaruman, Iron Man ya goyi baya, Captain America ya ce bai san zancen ba. Wanda ya tuna dokokin tsaron da Amurka ta kafa bayan harin 11 ga Satumba 2001 zai gane inda aka dosa, balle da aka gina wa masu taurin kai kurkuku a wata duniyar daban, ana tsare su ba shari'a.

Kenan ɗaya na nuna maka yadda ake kayar da azzalumi, ɗayan na nuna yadda mutanen kirki ke share masa hanya da hannunsu.

Ni dai V ya fi shiga raina, kuma dalilin shi ne bai wanke jaruminsa ba. Akwai wurin da aka kulle wata yarinya mai suna Evey, wadda V ya taɓa ceto, aka aske mata kai, ana tsoma fuskarta cikin ruwa don ta tona asirin V. A ramin bangon ɗakin ta tsinci wasiƙar wata fursuna mai suna Valerie, rubuce a kan takardar bayan gida. Ta karanta, ta sake karantawa, har ta zaɓi a kashe ta da ta sa hannu a takardar da suka miƙo mata. Da ƙofa ta buɗe sai ta tarar ashe V ne da kansa ya shirya mata wannan azaba, wai don ya cire mata tsoro. Wallahi na daɗe riƙe da littafin ban juya shafi ba. Mai neman 'yanta mutane ya halatta ya yi musu abin da azzalumin ke yi? Moore bai ba ka amsa ba, ya bar ka da nauyin.

Civil War bai kai nan ba. Dambe ya yi masa yawa, tambayar da ya ɗauko takan ɓace cikin ƙurar faɗa. Amma ƙarshensa ya taɓa ni: Captain America na gab da nasara, sai ma'aikatan agaji, talakawan da yake cewa yana kare wa haƙƙi, suka rirriƙe shi. Ya dubi ɓarnar da aka yi wa birnin New York, ya miƙa wuya.

Ka fara da V for Vendetta. Littafi ɗaya ne cikakke, ba sai ka san tarihin kowa ba, alhali Civil War yana son ka riga ka san jaruman Marvel kafin rabuwarsu ta yi maka ciwo. Sai dai ka sani V ba na yara ba ne, akwai kisa da azabtarwa da al'amuran manya a ciki, kada ka bar shi inda ƙannenka za su ɗauka.