Fulbright ko Erasmus Mundus: wanne za a nema?

Tun da Trump ya dawo mulki a 2025, ɗalibai ke ta yi min tambaya ɗaya: su nemi tallafin karatu na Fulbright na Amurka ko na Erasmus Mundus na Tarayyar Turai?

Fulbright ya girmi ɗan'uwan nasa nesa ba kusa ba. An kafa shi a 1946, Erasmus Mundus kuwa sai 2004. Sunan Fulbright a takardun malamin jami'a har yau yana buɗe ƙofa.

Sai dai yanzu siyasa ta shiga ciki. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin shirye-shiryen musayar ɗalibai na ɗan lokaci, a watan Mayu aka tsayar da ganawar neman bizar karatu, da aka dawo kuma sai an binciki shafukanka na sada zumunta. A watan Yuni kusan dukkan kwamitin da ke kula da Fulbright ya yi murabus, bisa zargin katsalandan daga gwamnatin Trump. Ka ci gasar, ka gama haɗa jaka, biza ta tsaya. Wannan shi ne abin tsoron.

Erasmus Mundus yana biyan Yuro 1,400 a wata, ka yi digiri na biyu a ƙasashe biyu ko fiye. Da daɗin ji, amma kowace ƙaura da neman ɗaki da takardar zama, ga tsadar haya.

Shi kuwa Fulbright yana da sharaɗin komawa gida na shekara 2 bayan ka kammala.

Malamin jami'a mai bincike, wanda kujerarsa ke jiransa, Fulbright ya fi dacewa da shi. Matashin da ke son digiri na biyu kuma yawo bai dame shi ba, ya nufi Turai.