Kashi ɗari uku na kalla kafin su raina min hankali

Mai tura finafinai na bakin layinmu ne ya ja min. Wani abu daban na je a sa min, ya ce, "Anti, akwai wani mai dogon zango na Indiya, fassarar Hausa, in kika fara sai kin ƙona tuwo." Ya cika min memori. Kuma bai yi ƙarya ba, sau biyu ina kankare tukunya.

Uwar mijin da ke cikin fim ɗin ce ta kama ni, soyayyar ba ta dame ni ba. Mace ce mai tarin makullan gida rataye a ƙugunta, ko sukari za a ɗiba sai da izininta. Da farko na tsane ta. Sai can aka nuna yadda ita ma tata uwar mijin ta gasa mata aya a hannu tana amarya, na ji jikina ya yi sanyi. Ranar da ta kwance makullan ta miƙa wa matar ɗanta, ni da Hajiya, uwar maigidana, muna zaune kan tabarma ɗaya, ba wadda ta iya kallon 'yar'uwarta. A nan na sara wa marubutan.

To, sai suka kashe mijin. Mota ta gangara da shi rami, ta kama da wuta. Na yi kuka, kuka na gaske, har maigida ya leƙo yana tambaya ko waya aka yi daga gida. Matar ta sa fararen kaya, ta goge jan garin nan na tsagar kanta. Aka ja mu, aka ja mu, har dangi suka matsa ta auri ƙaninsa. Ana cikin zagaya wuta ranar auren, sai ga mutum a ƙofa. Wai shi ne! Wai wani likita ya tsince shi ya sauya masa fuska, kuma ya manta kowa. Ɗan wasan ma wani ne daban, ya fi na farkon tsawo nesa ba kusa ba. Likitan har ƙafa ya ƙara masa? Kyamara ta haska fuskar kowa sau uku uku, ana buga ganga kamar aradu, kashi guda ya ƙare ba wanda ya ce uffan. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu auren wa ke kanta?"

Da na yi wa ƙanwata mita, dariya ta yi, ta ce tsohuwar dabara ce. A shirin Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi, wanda tashar Star Plus ta Indiya ta fara nunawa a 2000, an kashe Mihir, mijin jarumar shirin, 'yan kallo suka tayar da ƙayar baya, aka dawo da shi da ciwon mantuwa. Ashe sauran tsohuwar miya aka ɗumama mana. Na san shirin da ake haskawa kusan kullum dole a nemi abin cike lokaci, amma hawayena fa? Wa zai biya ni?

Haushin da ya fi ci na ma shi ne uwar mijin nan da suka ɓata lokaci suna gyarawa. Dare ɗaya ta koma 'yar gidan jiya, ta karɓe makullanta, har da zuba guba a madara, kamar ba ita ce ta rungume yarinyar tana kuka ba. Sannan aka rubuta wai bayan shekara ashirin, jariri ya zama gardi da gemu, uwarsa ko furfura ɗaya babu, gilashi kawai aka maƙala mata.

Fassarar ba laifi, sai dai mai muryar mijin shi ne mai muryar likitan, in suna magana kamar mutum na faɗa da kansa.

Na cire memorin na ba Hajiya. Tun shekaranjiya take ƙwala min kira daga ɗakinta, wai in zo in gani, ashe matar ma tana da 'yar biyu.