Gwangwanin gas na esin mota: abin da na gani bayan na ƙara da hannuna

A tsakiyar watan Maris, lokacin da zafin bazara ya kankama a Zariya, esin motata ƙirar 2008 ya daina sanyi, har ta kai idan na taso daga Tudun Wada, kafin in isa Samaru rigata ta jiƙe sharkaf. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sayi gwangwanin gas mai haɗe da tiyo da geji in ƙara da kaina, na kuwa same shi a wajen masu sayar da kayan mota a Sabon Gari.

Kafin in taɓa komai na karanta takardar da ke manne a cikin boneti, wadda ta nuna cewa gas ɗin motar R134a ne, ta kuma faɗi giram nawa take ɗauka. Wannan dubawa ta zama dole, domin sababbin motoci da dama R1234yf suke sha, kuma ba a gauraya su biyun.

Aikin bai kai wahalar da na zata ba. Ana ɗaura tiyon ne a bututu mai kauri, wanda murfinsa ke ɗauke da harafin L, kuma na yaba wa masu ƙera kayan da suka yi bakin tiyon yadda ba zai shiga ɗaya bututun ba, ko da ɗan koyo ya rikice. Na tayar da inji, na ƙure esi da fanka, na jira kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin, ya kama, sannan na riƙa latsawa kaɗan-kaɗan ina saki ina duba allurar gejin, har ta tashi daga ƙasa da 25 zuwa wajen 40. Safar hannu ta yi mini rana, saboda gwangwanin yana yin sanyi ƙarara, kuma ruwan gas ɗin yana ƙona fata idan ya fallatso. Cikin minti 15 iska mai sanyi ta dawo.

Inda nake da ƙorafi shi ne gejin. Launukan da aka zana masa don nuna ko gas ya isa ba su san zafin gari ba, alhali abin da allura za ta nuna da azahar a Zariya ya fi na safiya, sannan bututun L kawai yake aunawa, ban da ɗaya bututun. Wanda ya biye masa yana iya cika gas ya wuce kima, sanyi ya ragu, kwamfuresa ya wahala.

Bayan mako uku sanyin ya sake gudu. Da na kai wa wani bakaniken esi a Kwangila, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, in ka ga ya ragu, to yoyo ne." Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, nan take kumfa ta taso inda wata 'yar roba ta bushe. Ya canza ta, ya zuƙe iska da danshi da injinsa, abin da gwangwani ba zai taɓa yi ba, ya zuba gas bisa awo, ya kuma wanke kondensa, wato abin da ke fitar da zafin gas ɗin, da ƙurar hunturu ta toshe. Tiyon yana nan a but ɗin motata, amma ba zan sake ɗaura shi ba sai an tabbatar mini babu inda ke yoyo.