Kariya daga haɗari da tsaro a masana'antar sinadarai: ina suka rabu, ina suka haɗu?

Malam, ka tambaya me ya sa ake cewa a haɗa sashen kariya daga haɗari da sashen tsaro, alhali kowa da aikinsa.

Mai kula da kariya abin da ke lalacewa da kansa yake bi: bawul ya yi tsatsa, famfo ya ɗau zafi, ma'aikaci ya buɗe bututun da ba shi ba. Yana iya lissafi, domin an san yadda irin wannan bawul ke yawan mutuwa. Mai tsaro kuwa da mutum yake fama, mai niyya, mai laluben inda aka yi sakaci. Injiniya zai sa bawul biyu ya ce da wuya su mutu tare. Mai ɓarna zai rufe duka biyun cikin minti ɗaya.

Amma ɓarnar iri ɗaya ce. A Bhopal ta Indiya, cikin Disambar 1984, ruwa ya shiga tankin MIC, wani sinadari mai guba, a masana'antar haɗa maganin ƙwari. Kamfanin Union Carbide, mai masana'antar, ya ce zagon ƙasa ne, hukumomin Indiya suka ce sakaci. Ko wanne ne, na'urar sanyaya tankin a kashe take, bututun ƙona gas ba ya aiki, kusan tan 40 na guba ya bazu, dubbai suka mutu.

Sassan biyu sukan yi karo a ƙofar gudun gaggawa. Mai gadi ya ɗaure ta da sarƙa da kwado saboda ɓarayi, gobara ta tashi, babu mafita. Maganinta ƙofar da ake turawa daga ciki kawai, mai ƙararrawa. Haka na'urar kashe injin a lokacin gaggawa: a 2017 wata manhajar ɓarna mai suna Triton ta kutsa cikin irinta a wata masana'antar Saudiyya. Kada a jona ta da layin intanet na ofis, kome sauƙin da hakan zai kawo.

A aikace, rajista ɗaya za a buɗe. Kowane tanki a yi masa tambaya biyu a zama ɗaya: yaya zai fashe da kansa, yaya wani zai fasa shi? Duk canjin da sashe ɗaya zai yi, sai ɗayan ya sa hannu.

A ganinmu, rage ajiya ya fi ƙara katanga amfani, domin shi ke biya wa sassan biyu buƙata. Tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da ya fashe a tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agustan 2020 ya yi kusan shekara shida a sito ɗaya.