Fastel mai maiƙo a ajin firamare: abin da ya yi mini da inda ya gaza

Tun farkon shekarar karatun nan nake amfani da babban kwalin fastel mai maiƙo, irin wanda ake haɗawa domin aji guda, wajen koyar da zane ga 'yan aji ɗaya har zuwa aji biyar. Launi 12 ne a ciki, kowane launi da tarin sanduna a gurbinsa. Yanzu da kwalin ya kusa ƙarewa, na san halinsa ciki da waje, kuma ina so in faɗa wa 'yan uwana malamai da iyaye abin da za su tarar idan suka kawo shi gaban yara. Zan sake sayensa, wannan babu ko tantama. Amma yana da halayen da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya buɗe kwalin.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, a ido yana kama da kireyon ɗin da yara suka saba da shi, sai dai ya fi shi kauri da laushi. Bambancin yana cikin haɗin. Kireyon garin launi ne da aka cuɗa da kaki mai tauri, shi ya sa sai yaro ya danna da ƙarfi kafin launin ya fito, kuma duk da haka za ka ga fararen ɗigo-ɗigo na takarda suna leƙowa. Shi kuwa wannan, ban da kakin, an zuba masa man da ba ya bushewa. Da ka ɗora shi yake tafiya a kan takarda kamar man shafawa a fata, ja ya fito jawur, kore ya fito shar, ba tare da yatsun yaro sun gaji ba. Ga ɗan shekara shida wanda hannunsa bai gama ƙwari ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shafin da zai ɗauke shi darasi guda yana gurzawa da kireyon, da wannan kafin ka zaga ajin ka dawo ya cika shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya raba yarana da magogin fensir. Duk mai koyar da zane ya san wannan ciwo. Ka ba yaro fensir da farar takarda, sai ya ja ɗan siririn layi a kusurwa, ya goge, ya sake ja, ya sake gogewa, har takardar ta yi baƙi ta huje, lokaci ya ƙare bai zana komai ba. Abin ya fi tsanani daga aji huɗu zuwa sama. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld ya yi bayanin haka tun 1947: wajen shekara tara yaro yake fara auna zanensa da ainihin abin da ido ke gani, ya ga bai yi kama ba, sai kunya ta shigo. A daidai wannan shekarun ne ake fara jin, "Malama, ni ban iya zane ba."

Fastel ba ya goguwa, kuma bakinsa ya yi kauri da yawa, ba zai ja siririn layi ba ko da yaro ya so. Saboda haka dole zanen ya yi girma, dole hannu ya motsa tun daga kafaɗa. Idan layi ya karkace, hanya ɗaya ce ta rage: a ɗora wani launin a kai a ci gaba. Akwai wata yarinya a aji huɗu da takan rufe takardarta da hannu duk lokacin da na matso. Ranar da muka zana tsuntsaye, fiffiken nata ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta ɗago ta dube ni idonta ya ciko. Na ce mata, "'Yata, ɗauki shuɗi ki bi ta kai, ki mayar da wurin sararin sama." Ta bi a hankali, shuɗin ya haɗiye rarar fiffiken, inda ya haɗu da rawayar gashin tsuntsun kuma wani kore mai kyau ya fito wanda ba ta yi niyya ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta nuna wa ta kusa da ita. Tun daga ranar ba ta sake rufe aikinta ba.

Da na bi tarihinsa, sai na ga ashe domin irin wannan aka ƙirƙiro shi. A Japan, wani mai zane da ake kira Kanae Yamamoto ya yi ta sukar yadda makarantu ke sa yara kwafar hoton littafi layi bayan layi. Ya ce a bar yaro ya kalli abu da idonsa ya zana yadda ya gani, kuma a 1919 ya shirya baje kolin zanen yara a yankin Nagano domin mutane su ga abin da yake nufi. Waɗanda suka kafa kamfanin Sakura a 1921 sun ɗauki wannan ra'ayi, suka shiga neman abin zane mai laushi wanda launinsa ke haɗuwa da juna amma ba ya ƙura kamar alli. A 1925 suka fito da Cray-Pas, wato fastel mai maiƙo na farko. Sai a 1949 Henri Sennelier ya yi irin na ƙwararru a Paris, wanda aka yi domin shahararren mai zane Picasso. Wato yara ne suka riga manyan masu zane samunsa. Wannan tarihin ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan abin da na daɗe da yarda da shi: idan malami ya zana gida a allo ya ce kowa ya kwafa, to ko wane irin launi ya raba, gida iri ɗaya zai karɓa daga hannun kowa, kuma rabin ajin za su tafi suna ganin nasu bai kai na malam ba. Ni abin da nake yi shi ne in ajiye ganye, ko takalmi, ko tukunyar fure a tsakiyar tebur, in nuna yadda ake sarrafa sandar, sauran kuma in bar musu.

Aikin da ya fi kowanne karɓuwa shi ne na haɗa shi da fentin ruwa. Mai da ruwa ba sa jituwa, saboda haka duk inda fastel ya bi, fenti zamewa yake yi. Nakan sa 'yan aji biyu su zana kifaye da ciyayin ruwa, su danna sosai, sannan su ɗauki farar sanda su yi kumfa da igiyar ruwa a kan farar takarda. A lokacin ba a ganin komai, har wasu su fara ƙorafi cewa tasu sandar ba ta aiki. Sai a jiƙa babban burushi da shuɗin fenti a ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Nan take fararen layukan suke bayyana ɗaya bayan ɗaya, fentin yana taruwa ƙanana-ƙanana a kansu yana gangarewa. Ihun da ajin ke yi a wannan lokacin har maƙwabtan aji sukan leƙo. Ana iya yin wannan da kireyon, amma sai an danna da ƙarfin da ƙananan yara ba su da shi, in ba haka ba fentin ya rufe layin. Da fastel kusan kowa nasa yana fitowa. Sharaɗi ɗaya ne: takarda. Irin ta buga rubutu mai nauyin giram 80 tana jiƙewa ta lanƙwashe, wani lokaci ta yage. A nemi mai kauri, daga giram 160 zuwa sama, kuma a tsinka fentin da ruwa sosai.

Na biyu shi ne zanen karce, wanda manyan aji suka fi so. Yaro zai cika takarda da launuka masu haske, faci-faci, ba tare da barin fari ba. Sai ya bi kansu duka da baƙi har shafin ya yi baƙi ƙirin. Daga nan ya ɗauki tsinke ya fara karcewa, duk layin da ya ja sai launin ƙasa ya hasko. A nan ne yaran da ke son ƙananan abubuwa, ɓawon kifi, gashin mujiya, tagogin dogon bene da dare, suke samun abin da kaurin sandar ya hana su. Sai dai aikin yana cin baƙi ƙwarai, kuma ɓarɓashin da ake karcewa yana manne wa tebur da ƙasan takalmi. A shimfiɗa tsohuwar jarida tukuna.

Wajen koyar da haɗa launi ma ya yi mini rana. A ɗora rawaya, a bi ta da ja sama-sama, a murza da yatsa, ruwan lemo ya fito a gaban idon yaro ba tare da kofin ruwa ya kife ba. Da muka zo zanen fuskar kai, ruwan ƙasa ɗaya ne tak a kwalin, alhali fatar yaran ba iri ɗaya ba ce. Sai kowa ya zauna yana gwaji a gefen takarda, wannan ya ƙara ja, wancan ya ƙara rawaya ko fari ko ɗan baƙi, yana kara hannunsa yana dubawa har ya samu nasa. Darasin ya yi daɗi, amma duk da haka ina ganin kwalin da aka yi domin yara ya kamata ya zo da ruwan ƙasa fiye da ɗaya.

To, sai inda ya gaza. Babban aibinsa shi ne ba ya bushewa, ko bayan wata da watanni. Idan ka tara zanen yara ka ɗora wani kan wani, gobe za ka tarar bayan kowace takarda ya kwashi launin ta ƙasa. Dole a sa fallen takarda a tsakani, kuma in za a manna a bango, a ɗaga shi sama da inda kafaɗun yara ke gogawa. Akwai ruwan feshi da ake sayarwa domin kare irin wannan zane, amma warinsa yana da ƙarfi, ba na yarda a fesa shi a ɗakin da yara suke. Hannun riga kuwa yana shan wahala. Ruwa kaɗai ba ya fitar da shi daga hannu, sai da sabulu, a tufafi ma sai an dage da wanki. Nakan sa kowa ya naɗe hannun riga, in ajiye tsumma a kowane tebur, in kuma ware mintunan ƙarshe domin wanke hannu. Malamin da darasinsa gajere ne ya lissafa da wannan.

Yana kuma karyewa da wuri, musamman a hannun 'yan aji ɗaya. Wannan bai dame ni sosai ba, domin guntun da aka ɓare wa takarda ya fi daɗin shafa babban wuri idan aka kwantar da shi. Abin da ya dame ni shi ne rabon launukan. Fari da baƙi da shuɗi sun ƙare tun tuni, ga ruwan toka da ruwan hoda jibge kamar ba a taɓa su ba, kuma kamfanin ya zuba kowane launi daidai wa daida kamar bai san yadda yara ke zane ba. Shunayyar cikin kwalin nan ma ba ta da ƙarfi, kakinta ya rinjayi launinta, sai ta riƙa yin gudaji a kan takarda. Zafi yana sa sandunan su yi laushi su riƙa manne wa yatsa, don haka kada a bar kwalin kusa da taga inda rana ke bugawa. Matsalar tsohuwa ce: na farkon da aka yi a Japan sai da aka raba su gida biyu, na lokacin zafi da na lokacin sanyi, kafin daga baya a gyara haɗin. Bakin sandar kuma yana kwasar launin da ya bi ta kai, rawaya ta koma wata iri. Goge ta a tsumma sau ɗaya ya isa, kuma yara suna saurin koyon haka.

Akwai ayyukan da bai dace da su ba sam. Idan ana so a ɗora takarda a kan ganye a shafa domin jijiyoyinsa su fito, kireyon ya fi shi nesa ba kusa ba, saboda laushin fastel yana cike ramukan duka. Haka nan cika hoton da aka riga aka buga mai ƙananan gurabe, ko rubuta suna a ƙasan aiki. Wannan aikin fensirin kala ne.

Game da lafiya, ƙananan yara suna kai hannu baki, wasu ma sandar kanta suke ɗanɗanawa. Kafin a saya a juya kwalin a duba. Kayan da suka bi ƙa'idar Amurka suna ɗauke da rubutun ASTM D-4236, da yawa kuma da hatimin AP, wanda ke nuna masana sun duba haɗin ba su ga abin cutarwa ba. Na Turai suna da alamar CE da ƙa'idar EN 71 ta kayan wasan yara. Wanda na yi amfani da shi yana da irin wannan shaida, kuma ban ga yaron da fatarsa ta yi wani abu ba. Irin na ƙwararru kuwa a bar wa ƙwararru, domin wasu launukansu ana yin su da sinadaran da ba su dace da hannun yaro ba.

Wanda zai saya wa aji, ya zaɓi masu kauri domin 'yan aji ɗaya da biyu, in da hali masu kusurwa shida waɗanda ba sa gangarowa daga tebur. Launi 12 sun wadatar, yawan launi yana hana yara koyon haɗawa. Ya sayi ƙarin fari da baƙi daban tun ranar farko. Kada ya miƙa wa yara babban kwalin, ya rarraba a ƙananan faranti, kowane tebur da nasa, a ƙirga kafin a tashi. Ya kuma gwada su a kan baƙar takarda ko mai ruwan ƙasa, domin a nan ne fari da rawaya suke nuna ƙarfinsu, abin da kireyon ba zai taɓa yi ba.